Mahaɗin da Ban Rufe Ba

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Ban buɗe garaji ba yau. Kayen nan, wato littafin rubutu, na saye shi ne don rubuta nimeron kayan gyara, ga shi ina rubuta abin da ba nimero ba. Matata Zuwaira ta leƙo ta gan ni da bik a hannu ina rubutu, ta ce, "Baban Munira, makarantar lekol za ka koma da tsufanka?" Na ce mata e. Ta ajiye min fura ta fita, ba ta ƙara ba.

Jiya muka kai Yaya Yakuba makwancinsa. Ba mu haɗa uwa ko uba ba, amma shi ya koya min gyaran moto tun ina riƙe kilen kwance noti ta baya, shekara ashirin da shida ke nan. A wurin zaman makoki kowa da abin da yake faɗa. Wani ya ce akuya ce ta gitta, wani ya ce jiri ne ya ɗebe shi. Jandarma sun ce hanyar Miriya miƙe take a wurin, rana tsaka, babu mota gaba babu mota baya. An same shi gefe, moton gefe.

Ba wanda ya ce sarƙa. Na kasa kunne sosai, ba wanda ya ce.

Ban yi kuka ba. Mutane suna ta yaba haƙurina.

Litinin, 11, da hantsi

Na buɗe, ban taɓa aikin kowa ba. Ƙaramar gudumata ba ta cikin akwati.

Talata, 12, azahar

Bari in rubuta Alhamis ɗin da ta wuce yadda take, ko kaina zai huta.

Moto biyu aka kawo min canjin sarƙa, iri ɗaya, baƙaƙe dukansu. Ɗaya na Yaya Yakuba. Ɗaya na wani Babarbare mai kawo dabino daga wajen Gidimuni, Kolo ya ce sunansa, ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya ce zai shiga Kasuwar Dole ya dawo.

Na yi aikin yadda aka koya min. Na cire tsoffin sarƙoƙi, na canza pinyo gaba da baya, wato fayafayan haƙoran da sarƙa ke hawa, don sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora ba ta yin wata biyu. Na shimfiɗa sabuwa kusa da tsohuwa na ƙidaya gaɓoɓi. Na zura, na daidaita taya, na bar sassaucin yatsa biyu. Na haɗa bakin sarƙa a kan pinyon baya, na shafa wa ƙusoshin mahaɗi girisi, na sa zoben roba, na matse farantin waje. Saura abu ɗaya, rufe kan ƙusoshin nan biyu. A tokare bayansu da babbar guduma, a ɗora tsinken ƙarfe a tsakiyar kan ƙusa, a buga da ƙarama sau uku har kan ya ɗan baje kamar bakin ƙoƙo. In ka cika bugu kan ya tsage, ko gaɓar ta sandare. In kuwa ba ka buga ba, faranti yana nan zaune kamar mutumin kirki, kwana biyu, sati biyu, sai ranar da ya ga dama ya zame. Sarƙa ta tsinke ta naɗe taya, kuma ba ruwanta da gudun da kake yi.

A garajinmu ba ma sa mahaɗi mai ɗan makulli, wanda ake turawa da pansa, wato filaya. Yaya Yakuba ya ce karan gero da yashi suna fizge shi a hanyar daji. Mu da guduma muke rufewa. Dokarsa ɗaya ce, kuma da ranƙwashi ya shigar min da ita: wanda ya tsuguna kan mahaɗi ba ya tashi sai ya rufe ƙusa biyu, ko gobara ake yi.

Na rufe na moto ɗaya, har yanzu ina jin bugun a hannuna. Na matsa kan na biyu, na matse faranti, sai ga makarar tsohuwa Zainabu maƙwabciyarmu an fito da ita. Duk layin ya miƙe, teloli, masu walda, kowa. A garin nan makara ba ta wuce ka kana zaune. Na goge hannu na bi, na sa kafaɗa, na ce minti nawa ne.

Da na dawo babu moto ko ɗaya. Hassan mai shayi, wanda teburinsa ke jikin rumfata, ya ce duk sun zo, sun ga aiki ya kammala, sun ɗauka. Na ce to. Wallahi to na ce, na zauna na sha shayi. Abin ya fita daga kaina gaba ɗaya, sai Asabar da aka kira ni a portabul.

Wanne na rufe? Na dama ko na hagu? Na wa ne ma a dama?

Laraba, 13, bayan asuba

Da wani ne ya ɗaura wa Yaya Yakuba sarƙar, da ya tsuguna ya duba. Don ni ne bai duba ba.

Alhamis, 14, la'asar

Na shiga Kasuwar Dole wajen masu dabino na tambayi Kolo. Wani ya yi dariya ya ce, "Malam Idirisu, Kolo nawa ne a ƙasar Damagaram? Wanne kake so, dogon ko mai gemun?" Na ce bari kawai. Na sayi dabinon da ba na buƙata na fito.

Gaskiya ban nema da zuciya ɗaya ba, kuma na san dalili. Moton Yaya Yakuba yana zauren gidansa an rufe shi da tabarma. Kallo ɗaya ya ishe ni in sani. In nasa ne ban rufe ba, to Kolo yana cikin aminci, ni kuma na san abin da hannuna ya yi. In nasa a rufe yake, hannuna ya fita, amma wani bawan Allah yana can yana gudu a kan ƙusa biyu buɗaɗɗu.

Na ɗaga hannu bayan salla zan yi roƙo, na rasa wanne zan roƙa. Na shafa haka nan.

Juma'a, 15, bayan an sauko masallaci

Na sake zazzage akwatin, gudumar ba ta nan. Ta Yaya Yakuba ce ta asali, shi ya ba ni ranar da ya bar min garaji, ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi. Na zargi masu walda, na yi musu ruwan faɗa har ubangidansu ya fito. Daga baya na ji kunya na aika musu shayi.

A murfin akwatin akwai shatin hannu da girisi, yatsa uku. Sarƙa ce ta cinye masa biyu na hannun dama tun kafin in san shi, yana shafa mata mai, inji na aiki. Duk wanda ya zo koyo sai ya ɗaga masa hannun a fuska ya ce, "Ka gani? Kashe inji." Tun daga lokacin da hagu yake bugu.

Kullum yana zuwa hira bayan azahar, yana dafa akwatin in zai zauna. Tsohon shati ne. Na sa tsumma na goge, ya fita da sauƙi, kamar na yau.

Asabar, 16, da hantsi

Sadakar bakwai. A zaure aka zaunar da ni, bayana na jingine da tabarmar. Ina jin ƙanshin sabon girisin da na shafa da hannuna. Sandar birki tana tokare min haƙarƙari, ban gyara zama ba.

Illa ƙanin marigayi ya ce, "Idi, in an kwana biyu kai za ka duba mana moton nan, ko ya gyaru ko a sayar wa masu ƙarfe."

Na ce, "Ba sauri, Illa. A bari zukata su kwanta."

Ya ce Allah ya saka min da alheri. Na ce amin, bakina kamar na tauna toka.

Litinin, 18, bayan la'asar

Ruwa tun hantsi, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. An ce katangu sun zube a Birni. Layin duk an rufe, Hassan ma ya kwashe butocinsa. Ni kaɗai na zauna a rumfa ina kallon ruwa yana tafiya da ledoji.

Wajen azahar na ji bugu. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Uku, ƙarfe a kan ƙarfe, daga inda nake jera motoci. Na san sautin, ƙusa ɗaya ke nan. Na riƙe numfashi ina jiran ukun da suka rage.

Ba su zo ba. Na duba kwanon rufi, na duba ko wani ƙarfe ne iska ke kaɗawa. Ban ga komai ba.

Talata, 19, azahar

Uku kuma. Na ce, "Hassan, ka ji?" Ya ce, "Cokalina ne, Malam." Hannunsa duka biyu suna cikin ruwan wanke kofi.

Wani ɗan kabu-kabu ya kawo canjin sarƙa. Na ce masa ba ni da kaya, ga su kuwa rataye a bayana yana gani.

Laraba, 20, bayan magariba

Zuwaira ta tsare ni. Ta ce kwana goma tana kwashe tuwo yadda ta kawo shi, ko dai in faɗa mata ko ta je ta tambayi Hassan. Na faɗa mata duka, ina kallon ƙasa.

Na zaci za ta lallashe ni. Sai ta ce, "Wanda ya tafi ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Wancan fa, yana da 'ya'ya?"

Na ce ina zan sani.

Ta ce, "Ai kuwa ya kamata ka sani. Kai kunyarka kake goyo, shi kuma ransa yake ɗauke da shi a kan hanya. Gobe ka je ka ɗaga tabarmar nan, Baban Munira."

Raina ya ɓaci, na ce mata tun yaushe ta zama makanike. Ta ce tun ranar da makanike ya daina aikinsa. Na fita na bar mata ɗakin. Gaskiyarta ce, shi ya sa abin ya yi min zafi.

Alhamis, 21, la'asar

Na je har ƙofar gidan na juyo. Sati biyu yau.

Juma'a, 22, da yamma

Na shiga.

Yaya Hajara, matar marigayi, tana takaba, daga bayan labule muka gaisa. Na ce a kira Illa. Da ya zo na faɗi abin da na rubuta ranar Talata, ban rage komai ba, har shayin da na sha. Muryata tana fita kamar ta wani. Illa ya kalle ni, ya kau da kai, ya cire hula ya mayar.

Labulen bai motsa ba. Daga bayansa Yaya Hajara ta ce, "Idi, kullum yana cewa a garin nan kai kaɗai yake ba wa motonsa ya juya baya. Ka je ka duba. In ma sarƙar ce, kwana ne ya ƙare. Amma ina so in sani."

Na ɗaga tabarmar. Gaban moton ya lotse, tayar baya ta karkace. Sarƙa ta sauka daga pinyo, amma a haɗe take. Na bi ta gaɓa gaɓa da yatsa har na taɓo mahaɗin, na sa bakin rigata na goge girisin da yashin.

Ƙusa biyu, dukansu a rufe. Kai ya baje daidai, babu tsaga, gaɓar tana lanƙwasa. Aikina ne, kuma mai kyau.

Allah ya yafe min, daɗi na ji. Wani sanyi ya sauko min tun daga ka har ƙafa, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi a gidan makoki. Illa ya dafa kafaɗata. To me ya kayar da shi? Ba wanda ya sani, ni ma ban sani ba.

Sai muryarta ta fito daga bayan labule. "To ɗayan fa, Idi?"

Asabar, 23, azahar, Gidimuni

Na fito da asuba, babbar guduma da tsinken ƙarfe ɗaure a baya. Da na zo wurin da Yaya Yakuba ya faɗi a hanyar Miriya ban kalli gefe ba. Akwai gawo babba a wurin, wannan kawai na gani.

Duk inda na hango mutane sun taru a bakin titin gudoro sai gabana ya faɗi. Sau biyu masu jiran mota ne, sau ɗaya cinikin rago.

Na ga Kolo uku a bakin tafki. Ɗaya makaho, ɗaya mai amalanke, ɗaya ya shekara bai shiga Damagaram ba. Na huɗu shi ne nawa, in ji masu lambu, amma ba ya zama. Yana kai dabino ƙauyuka, wani lokaci Guna, wani lokaci Dogo. Portabul ɗinsa ya faɗa ruwa tun farkon damina. Wani tsoho ya ce, "Lafiya kake nemansa haka?" Na ce aikinsa ne ban gama ba. Ya dube ni kamar ya ga mahaukaci.

Lahadi, 24, la'asar

Guna. Ya wuce jiya, buhu uku a baya. Buhu uku a kan wannan sarƙar.

Litinin, 25, azahar

Ina tsakiyar gonaki, gero ya fi ni tsawo dama da hagu, babu gida babu mutum. Na tsaya shan ruwa na kashe inji. Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ashe ba a garajin yake ba.

Talata, 26, magariba

Na dawo gida hannu wofi. Zuwaira ba ta tambaye ni komai ba, ta zuba min ruwan wanka. Da na fito ta ce ta sa an yi sadaka da sunan mutumin da ba ta sani ba. Na ci tuwo kaɗan.

Laraba, 27, bayan la'asar, Dogo

Zan rubuta tun ban fara cewa mafarki na yi ba.

Na same shi a bakin tasha yana ɗaure kaya. Matarsa tana zaune a gefe da goyo, su zai ɗauka zuwa gida. Ban ko yi sallama yadda ya kamata ba, na jefar da motona na durƙusa a gindin nasa. Ya ce, "Wushe, mai garaji. Ashe ka zo."

Ashe na zo. Ban tsaya kan maganar ba, na juya taya na nemo mahaɗin na goge.

Ƙusa ɗaya a buɗe take, farantin ya ɗaga ta wannan gefen har farce yana shiga. Ɗayar a rufe. Ita kaɗai ta riƙe shi. Na kawo ido kusa. Kan ya baje, amma ya ɗan kwanta gefe ɗaya, yadda bugun hagu yake yi. Shekara ashirin da shida ina ganin wannan kwanciyar.

Na ce, "Malam Kolo, wa ya taɓa sarƙar nan?"

Ya ce, "Wani dattijo. Ranar babban ruwan nan na Litinin, na fake ƙarƙashin gawo a hanyar Miriya, wajen azahar. Na same shi tsaye, ba moto ba jaka. Ya ce min, ɗan'uwa, sarƙarka a buɗe take. Ya tsuguna, ya tokare da dutse, ya buga sau uku. Da hagu yake bugu, damansa yatsa uku ne. Na ce, Baba, ɗayar fa? Ya ce ta mai aikin ce, yana nan zuwa."

Ranar ruwan, Yaya Yakuba ya kwana tara a ƙasa.

Na ce, "Kuma ka ci gaba da hawa, da buhuna, da iyali?"

Ya ce, "To na ga tana tafiya."

Na so in mare shi, na so in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba. Wa ya sake shi a kan hanya da buɗaɗɗiyar sarƙa in ba ni ba? Na faɗa masa hakan a gaban matarsa, na ce kuskurena ne, ya yafe min. Ya ce ba komai, ya sa hannu a jakar da ke rataye a wuyan moton yana lalube.

"Af, ya ce in ba ka wannan."

Gudumar ce, ƙotarta baƙa, mai santsi. Na karɓa da hannu biyu. Ban tambaye shi ina dattijon ya nufa ba, shi ma bai faɗa ba.

Na mayar da faranti mazauninsa, na auna shi da na kusa da shi. Na tokare da babbar guduma, na ɗora tsinke. A daidai nan ladan ya ɗaga murya, mutanen tasha suka fara miƙewa da butoci. Kolo ya ce, "Mu je mu dawo, ai ba gudu za ta yi ba."

Na ce, "Yi gaba, ina zuwa."

Na buga uku. Na duba kan, babu tsaga. Na lanƙwasa gaɓar, ta bi. Na juya taya sau biyu ina kallon mahaɗin yana wucewa, na gwada sassauci da yatsa. Sannan na tashi na yi alwala, na samu raka'a ta biyu.

Alhamis, 28, bayan azahar

Na mayar da gudumar akwati. Na zauna a rumfa tun kafin kiran salla har aka dawo, ina saurare. Cokalin Hassan kawai, da injin teloli.

Sai yau na yi kukansa.